Kafin Ka Ɗebi Jinin Ɗan Wani

Abba,

Maganar da ka yi a tsakar gidana ranar da kuka zo yawon salla ce ta hana ni sakat har na ɗauki biro. Ban tanka maka a lokacin ba saboda akwai baƙi, kuma wanda ya ci sunan mahaifina ba na yi masa gyara a gaban mutane.

Ka ce kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku ya dawo maka da takardunka karo na biyu. Suna so ka mayar da takardar neman yarda zuwa Hausa, ka faɗi yawan jinin da za ka ɗiba a jikin kowane yaro mai sikila, ka faɗi inda ragowar jinin za ta kwana in ka gama, da wanda zai riƙe makullin firjin. Ka ce lokacin miƙa kundinka ya matso, har wani abokin aikinka ya ba ka shawara ka fara ɗiban jinin tun yanzu, in ya so takardar izini ta same ka a hanya, ai ba mai duba kwanan wata. Da dariya ka faɗe ta, na kuma san ba ka aikata ba. Amma na yi shekara 35 cikin fararen kaya, na zauna a irin wannan kwamiti shekara 6 bayan na yi ritaya. Na san irin wannan shawara. Da wasa take shiga, ta kwana biyu a zuciya, ranar da aiki ya matse mutum sai ya ji ta zama hujja.

Kwanan watan nan da aka ce ba mai dubawa, an taɓa duba shi a Kano, duniya kuma ta gani.

Kana goye aka yi sankarau na 1996. Duk wanda ya yi aikin asibiti a Arewa ba zai manta da bazarar shekarar ba. Sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, ga ƙyanda da amai da gudawa sun taso a lokaci guda. Ni ina wani gari a lokacin, muna shimfiɗa yara a baranda don gadaje sun ƙare. Abin da ya faru a Asibitin Zana na Kano kuwa yana nan rubuce a jaridu da takardun kotu. Kamfanin magunguna na Pfizer ya turo ayari daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a kai ga ba shi lasisi ba. Suka ɗauki yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone, maganin da aka riga aka sani, sai dai an rage yawansa ƙasa da yadda aka saba. A cikin asibitin nan kuma likitocin agaji na MSF suna ba da maganin da aka saba da shi kyauta. Yara 11 cikin waɗanda aka yi gwajin da su suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Bayan kamar mako biyu ayarin ya tattara ya koma.

Adalci ya sa in faɗa maka abin da kamfanin ya ce. Ya ce sankarau ne ya kashe yaran ya nakasa wasu, kamar yadda yake yi ko ba gwaji, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki, kuma har aka gama shari'a bai amsa laifi ba. Iyaye da dama kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, balle a ce musu akwai wani maganin a ɗaya gefen asibitin. Da akwai takardun yarda masu sa hannun iyaye da shaida, da sun raba gardama. Babu su. Abin da aka fito da shi wasiƙar izini ce da sunan kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mai kwanan watan Maris 1996. Da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000 da farkon 2001, sai ta bayyana cewa a watan Maris ɗin ba a ma kafa kwamitin ba. Likitan da aka sa sunansa a matsayin jagoran gwajin ya amsa cewa daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar da kwanan watan baya.

Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar ƙaryar ofis, irin ta ma'aikacin da ya zo ƙarfe goma ya rubuta takwas a littafi. To amma me wasiƙar izini take shaidawa? Tana shaida cewa kafin allura ta taɓa fatar yaro na farko, wasu mutane da ba su da riba a cikin aikin sun zauna sun yi tambayoyi. An taɓa gwada maganin nan a kan yara? In yaro bai samu sauƙi ba, yaushe za a sauya masa magani? Uwar da ta ce ba ta so, ina za a nuna mata ta je? In aka rubuta wasiƙar bayan an gama, to ba wanda ya yi waɗannan tambayoyi a ranar da suke da amfani. Ihu ne bayan hari, aka kuma buga masa hatimi.

Sauran labarin ka san wani abu daga ciki. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka, rahoton ya kwanta a durowa sai a 2006 ya fito fili. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, wato shekara 15 bayan an binne 'ya'yansu. Shi kuwa Trovan, Amurka ta ba shi lasisi don manya a 1997, ta kuma taƙaita amfani da shi a 1999 saboda illar da yake yi wa hanta.

Akwai asarar da ba ta shiga lissafin sulhu ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi. Dalilan suna da yawa, da jita-jitar hana haihuwa, da siyasa, da fushin yaƙin Iraki, amma duk ƙofar da muka tsaya muna lallashi, sai wani dattijo ya tuna mana da Asibitin Zana. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, ba ka kuma da bakin ce masa wawa. Sai a Yulin 2004 Kano ta koma, cutar kuwa ta ci gaba da bazuwa har ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. Yaran da suka shanye a wannan tsakanin ba a yi gwajin komai da su ba.

Ba a Kano aka fara ba, kuma ba don a wahalar da ɗalibai irinku aka ƙirƙiro waɗannan kwamitoci ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an gurfanar da mutum 23 a birnin Nuremberg na Jamus, 20 daga cikinsu likitoci, saboda gwaje-gwajen da suka yi a kan fursunoni. Daga hukuncin 1947 aka fitar da ƙa'idoji goma, ta farkonsu ita ce yardar mutum ba tare da tilas ba. A 1964 ƙungiyar likitocin duniya ta fitar da nata a Helsinki, ana ta yi musu kwaskwarima har zuwa 2024. Waɗannan duk ka haddace su don jarrabawa, ba sai na maimaita ba.

Wanda nake so ka zauna da shi shi ne na Tuskegee, a jihar Alabama ta Amurka. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bi sawun maza baƙar fata 600, yawancinsu matalautan manoma, 399 daga cikinsu masu tunjere, don a ga yadda cutar ke cin jiki in ba a yi magani ba. Ba a gaya musu sunan cutar ba, aka ce musu jininsu ne ba kyau. Penisilin ya zama maganinta tun wajen 1947, aka ƙi ba su. Shekara 40, sai da wani ma'aikaci ya kai wa 'yan jarida. Daga nan ne Amurka ta yi dokar 1974 da ta ƙarfafa kwamitocin duba bincike, Shugaba Clinton kuma ya nemi gafara a 1997.

Ranar da aka fara koya mana wannan a wani taron horaswa, kowa yana tsine wa Turawan likitocin, ni kuwa hankalina ya tafi kan mace ɗaya. Sunanta Eunice Rivers, nas ce, baƙar fata, mai aiki a yankin. Likitoci suna zuwa suna tafiya, ita tana nan. Ita ke ɗauko mutanen a mota, ta san matansu da 'ya'yansu, ta ba su maganin ciwon kai da na ƙarin jini, in mutum ya mutu ita ke lallashin iyalinsa su bari a buɗe gawar, a biya musu kuɗin jana'iza. A 1958 gwamnati ta ba ta lambar yabo. Mutanen nan ba hukumar lafiya suka yarda da ita ba, ba su ma san ta ba. Fuskar wannan baiwar Allah suka sani, saboda ita suke zuwa. Na dawo gida ran nan ban iya cin abinci ba, domin na gane kaina.

Ban taɓa ba ka wannan labarin ba. Ina sabuwar sista a ɗakin awo na wani asibiti, wani baƙon likita ya zo da bincike a kan wata ƙwaya ta masu ciki. Takardar yarda shafi uku ce da Turanci, ni aka sa tafinta. Layi ya kai bakin ƙofa, rana ta take. Sai na dunƙule shafi ukun nan a jimla ɗaya, duk wadda ta zauna in ce mata, “Likita ya kawo sabon magani, kyauta ne, dangwala yatsanki a nan.” Suna ta dangwalawa suna yi mini addu'a. Can wata Bafulatana da ta zo daga ruga, ba ta fi shekara 18 ba, ta riƙe hannunta, ta dubi ƙasa, ta ce, “Inna, in na ce ba na so, za ku karɓi haihuwata?” Na yi dariya na ce, “Haba yarinya, wa ke ƙin magani kyauta?” Ta miƙo yatsan. Ba abin da ya same ta, ta haihu lafiya, ni na yanke cibi. Amma tambaya ta yi mini, tambayar da ta fi duk abin da ke cikin shafi ukun nan nauyi, ban ba ta amsa ba. Takardarta kuwa tana da yatsa, tana da sa hannuna na shaida, duk mai dubawa zai ce komai ya cika.

Abin da na koya, a makare, shi ne “to” ɗin mutanenmu iri-iri ce. Akwai “to” ta na ji, akwai ta kunya, akwai ta a rabu lafiya, sannan akwai ta na yarda. Duk sauti ɗaya suke fita. Talaka in ya shiga asibiti ya riga ya ajiye “a'a” a bakin ƙofa tare da takalminsa. “Sai yadda ka ce, likita,” ka ji ta sau nawa a mako? Uwar mai sikila kuma ta fi kowa. Ta kwana tsaye da yaro yana kukan ƙashi, ta sayar da akuya ta sayi jini, kai ne kuma kake rubuta masa magani kowane wata. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. In ka ɗago daga katin yaron ka ce mata kana da wani ɗan bincike, ta ina za ta fara ƙi?

Saboda haka kada kai ka nemi yardar marasa lafiyarka. Ka sa wani da ba shi ke duba su ba, a wani ɗaki, bayan an gama ganin likita an karɓi magani, don ta ga da idonta cewa maganin ɗanta ba ya rataye da amsarta. A fara da abin da na kasa faɗa wa yarinyar nan: in kin ƙi, ba abin da zai ragu daga kulawar da ake yi wa ɗanki, in kin yarda yau kika fasa gobe, shi ke nan. A kira abu da sunansa. Bincike ne, ba magani ba ne, wataƙila ɗanki ba zai amfana da komai ba, na baya ne za su amfana. Kada ka rubuta mililita biyar, ka ce cikin ƙaramin cokali ɗaya, a ma nuna mata kwalbar. Maganar ɗiban jini tana da nauyi a wurinmu, ka san irin zancen da ake yi a kai, kuma kwamitin da ya tambaye ka ina jinin zai kwana ya riga uwar ne kawai, ita ma tambayar tana bakinta. In za a fitar da shi waje, dokar ƙasa ta ce sai da rubutacciyar yarjejeniya, uwar ma ta cancanci ta sani. Bayan bayani kada a ce mata “kin gane?”, don “e” za ta ce. A ce ta faɗa yadda za ta ba maigidanta labari in ta koma gida. A nan za ka ji abin da ya shiga.

Maigidan kuma ka ba shi haƙƙinsa. In ta ce sai ta yi shawara, a ba ta takardar ta tafi da ita, ko da hakan zai ja maka mako guda. Haka in za ka shiga unguwa, ka fara da mai unguwa da liman. Amma izininsu sallama ce a ƙofar gida, ba ya maye gurbin bakin mai jiki. Yaron da ya yi wayo ma a tambaye shi, in ya noƙe a ƙyale shi. Kuɗin mota a bayar daidai kuɗin mota, don in ya kai kuɗin cefanen mako, ka sayi “to” ke nan.

Sai sirri. Sikila ba kamar zazzaɓi ba ce, tana shiga maganar aure. Sunan yarinya ya fita daga kwamfutarka zuwa wata waya, daga nan zuwa WhatsApp, shekara goma nan gaba a fasa neman ƙanwarta. In kuma wata rana ka faɗaɗa aikin ka haɗa da jinin iyaye, ka sani gwajin nan yana iya fito da abin da ba shi ka je nema ba game da nasabar yaro. Irin wannan tun kafin a fara ake zama a yanke yadda za a yi da shi, ba ranar da takarda ta fito tana hannunka uban yana zaune a gabanka ba.

Ba zan ce maka kwamitocin nan waliyyai ne ba, na zauna a ciki. Na ga inda ake karɓar kuɗin rajista a buga hatimi ba a buɗe shafi na biyu ba. Na ga inda takardar ɗalibi take wata huɗu don shugaba ya tafi taro. Na ga farfesan da ake jin nauyin mayar masa da tasa, alhali ta fi ta ɗalibinsa ramuka. Babban gurbin da na gani kuwa shi ne da wuya a samu mai tashi ya je ɗakin marasa lafiya ya ga ko abin da aka rubuta shi ake yi. Ka gode wa Allah da kwamitinku ya karanta har ya samu abin tambaya. In kuma jan ƙafa suke yi, kana da hanya. Kundin ƙa'idojin da kwamitin ƙasa na NHREC ya fitar a 2007, wanda Dokar Lafiya ta 2014 ta ƙara wa ƙarfi, ya ba kwamiti wata uku ya yanke hukunci a kan takardar da ta cika, in ya wuce kana iya kai kuka sama. Ka rubuta wa sakatare, ka je da ƙafarka, ka nemi a ba ka minti goma a zamansu na gaba. In shugabanku na sashe ya matsa maka, ka nemi ƙarin lokaci a rubuce. Jinkirin wata shida a jarrabawa ana mantawa da shi, ni ma na taɓa maimaita aji.

Kada kuma ka ɗauka ina tsoron bincike. Sankarau ɗin da ya cika mana baranda a 1996, nau'in A, yau da wuya ka gan shi. Allurar MenAfriVac ce ta kore shi, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011. Kafin nan sai da aka gwada ta a kan dubban yara da matasa a Mali da Gambiya da Senegal da Gana da Indiya, kwamitoci suka duba, iyaye suka ji bayani suka miƙa 'ya'yansu. Mutanenmu ba sa ƙin taimako in an gaya musu gaskiya. A shekarun da na yi a kwamiti, wuraren da aka fi yi wa mutane bayani dalla-dalla, har wasu suka ƙi, su ne wuraren da waɗanda suka yarda suka fi tsayawa har ƙarshe. Ni da na ga mai bincike ya kawo rahoto cewa cikin mutum 300 ba ko ɗaya da ya ƙi, sai in nemi a kira mini tafintansa.

In ka gama fassarar, ka kawo mini ita ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kada ka ba malamin Hausa na jami'a ya gyara maka tukuna, zai cika ta da kalmomin da sai a rediyo ake jin su. Mai kawo mini fura tana da jika mai sikila, ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo a lissafi. Za mu nemi izininta mu karanta mata, mu ji abin da za ta mayar mana. Duk layin da ta yamutsa fuska a kai, sai ka sake shi. Abokin nan naka mai shawara ma ka taho da shi, zan sa a yi dambu.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka shafa kan yara.

Gwaggonka